Mai Ba Waya Ruwa

"To in ba tsiro za ta yi ba, Baba, ruwan na mene ne?" in ji Haladu, baƙo daga Kirikasamma, yana dariya.

Dattijon yana durƙushe a bayan gidan wayar Turawa, kakinsa duk faci, yana jiƙa gindin wata waya da aka binne. Ya zaro ƙarfe daga garwashi, ya liƙe mahaɗarta da dalma.

"Ita ke kai aradu ƙasa, ɗana, amma in ƙasar ta bushe ba ta aiki. Bara na yi sakaci ban duba ba, aradu ta kurmantar da akawun da ke ciki. Har yau shi ke fara gaishe ni."

Haladu ya sunkuyar da kai. Dattijon ya saɓa tsaninsa ya nufi turken waya na gaba, ya zaga ta baya don kada ya bi ta tagar akawu.