Kajina Suna Shan Ruwan Lafiya

Shekaruna saba'in da huɗu, talatin daga ciki sun shuɗe tun rasuwar wani dattijo, tsohon likitan dabbobi na garin Bagama. Jiya na gifta tsohuwar rijiyarmu ta Maje, sai ya faɗo mini a rai.

Wata rana a can baya zazzaɓi ya kwantar da 'yata, na ƙi zargin rijiyar, tunda kajina suna sha lafiya. Dattijon ya dafa goshinta da hannunsa mai warin magani, ya ce, "Ɗana, dafin da ke jikin ƙwayar cutar, kaza jurewa take. Jinin ɗan Adam kuwa, garin yaƙarsa sai ya ƙone mai shi. Maza, asibiti!"

Yau ita ma uwa ce. Allah Ya haskaka makwancinsa. Maƙwabcina Yohanna kafinta, wanda ya kai mu a babur, shaida ne.