Sunan da Iya Zinariya Ta Yi Ta Kira

Sunana na yanka Hauwa'u, ana ce mini Maijidda, amma je ka Tudun Wada ka tambayi gidan su Maijidda ka gani ko akwai mai nuna maka ƙofa. Saratu suka sani. Kakata, Iya Zinariya, ita ta liƙa mini shi, kuma ba a hankali take kiransa ba. Sai ta tsaya a bakin zaure ta buɗe maƙogwaro, "Saratu!" har masu sayar da rake a bakin hanya su waiwayo. Ina yarinya abin na ƙona mini rai, wallahi. Na sha ce mata, "Haba Iya, ai ba kurma ba ce ni." Ko kallona ba ta yi, anjima ta sake kwaɗa kiran.

Sunan mahaifiyata ne, 'yarta ta fari, wadda ta rasu ina cikin tsumman goyo. Kun dai san yadda ake a lokacin. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Wannan shi ne kunya, kuma macen da ba ta da ita ba a lissafa ta cikin matan kirki. Ana yaye mahaifiyata aka miƙa ta ga Gwaggo Ishatu, yayar kakana, a Gyallesu. Daga ranar, in Iya za ta yi zancenta sai dai ta ce "yarinyar Gyallesu".

Iya ta zo Tudun Wada da mijinta Malam Kailani, tela ne, lokacin da unguwar ba ta wuce 'yan gidaje da shingen kara ba, jirgin ƙasa kuma bai daɗe da fara shigowa Zariya ba. Shekarar da murar nan ta yi ta kwasar mutane, ta kwashe shi. Ita kuma gyambo ya kama ta a ƙafa, ya ƙi ji ya ƙi gani, har aka kai ta asibitin mishan. Ta daɗe a kwance, kuma mace ce da ba ta iya zaman banza, sai ta shiga wanke tsummokin ɗaurin ciwo tana taya masu jinya riƙe marasa lafiya. Ƙafa ta warke, ita ba ta tafi ba. Suka koya mata wankin ciwo da ɗaurinsa da karɓar haihuwa, suka ba ta farin ɗankwali. Aka yi ta surutu a unguwa wai Zinariya ta bi Nasara. Ta ce su je su tambayi tabarmar sallarta.

Da ta dawo gida, ɗan kwandonta ya zama sananne kamar tallar fura: almakashi, zare, sabulu, da 'yar tukunyar da take tafasa su a ciki. Matan kulle da ba za su taɓa zuwa asibiti ba, ita suke aika wa. Ranar Alhamis kuma ta tara 'yan mata a tsakar gida ta koya musu wanke hannu har gwiwa, da ɗaure cibi, da baƙaƙen boko don su iya karanta abin da ke jikin kwalbar magani. Tana da faɗa. In yarinya ta taɓa almakashi da hannun da ta sosa kai, ranar sai ta gwammace kiɗa da karatu.

Abu ɗaya ta fi yaƙi da shi, wankan jego irin na mutanenmu. Mace ta haihu, a yi ta fyaɗa mata tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har ta yi arba'in, a kwantar da ita kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, a ɗura mata kunu mai kanwa har baki ya yi ɗaci, duk don kada sanyi ya shige ta. Iya ta ga matan da ake kawowa asibiti bayan wankan nan, musamman da bazara: ƙafa ta kumbura, tari, numfashi da ƙyar, sannan a fita da su a tabarma. Ba ta hana wanka ba. Cewa take yi, "A surka ruwan, a rage wuta, a rage kanwa." Gidaje da dama sun ji maganarta, sun kuma ga amfaninta.

To, sai ga 'yarta da cikin fari. Aka mai da ita gidan Gwaggo Ishatu goyon ciki, aka haife ni a tsakiyar bazara. Matar da ta karɓi rabin yaran Tudun Wada ba ita ta karɓe ni ba, don uwa ba ta shiga ɗakin haihuwar 'yar fari. Kai, wani abin in ka tuna sai ka rasa wa za ka zaga.

Kada ku ce Gwaggo muguwa ce. Ba ta taɓa haihuwa ba, Saratu ce duniyarta. Mahaifina Muntaka kuwa ya jibge itacen wanka har ya kusa kai katanga, don a lokacin yawan itace shi ke nuna miji na son matarsa. Gwaggo ta rantse ko ɗigon sanyi ba zai taɓa 'yarta ba.

Ranar suna Iya ta je, ta zauna can gefe kamar baƙuwa. Ta ga tulin itace, ta ga hayaƙi na fitowa ta ƙofar ɗakin mai jego, ta saci kallon ƙafar 'yarta. Ta daure ta matsa kusa da Gwaggo ta ce a hankali, "Yaya, wutar nan ba ta yi yawa ba?"

Wata tsohuwa ta ji, ta tafa hannu. "A'a! Jama'a ku zo ku ji, yau Zinariya ke tambayar 'yar fari. Lallai kunya ta ƙare a duniya!" Mata suka kwashe da shewa. Iya ta ja mayafi ta rufe fuska, ko tuwon suna ba ta tsaya ci ba.

Duk wannan daga bakin Rakiya na ji, maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli, wadda ke kai talla Gyallesu. Ita Iya ta riƙa aikawa: "Ki ce wa mutanen Gyallesu a rage kanwa." Gwaggo ta ce, "Ki ce mata ita ta haifa, ni na rena. Maganin Nasara ta kai wa Nasara."

Ana nan, Rakiya ta dawo wata rana ta ajiye farantinta ba ta ko yi sallama ba. Ta ce, "Iya, takalmin yarinyar nan ya daina shiga ƙafarta. Tari take yi, kuma ba ta iya kwanciya, a zaune take barci." Iya ta san abin da wannan ke nufi fiye da kowa a Zariya. Ta ɗauki kwando ta kama hanya a cikin rana tsaka, Rakiya na biye da ita. Ta isa ƙofar gidan, sai ta jiyo muryoyin dangin mahaifina a tsakar gida, sun zo barka, surukanta ke nan. Ta tsaya a jikin katanga. Rakiya ta ce har Iya ta ɗaga ƙafa ta mai da. Ta juya ta ce, "Gobe, in baƙi sun watse."

Gobe ta yi, aka zo da gudu wata mata na naƙuda ɗa ya zo a gicciye. Iya ta yini a kanta, ta fitar da uwa da ɗa lafiya. Yaron nan ya girma har ya yi jikoki, ina ganinsa a kasuwa, kuma Allah ya sani ban taɓa iya yi masa fara'a ba.

Washegari da hantsi Iya ta shiga gidan Gwaggo ba ta gai da kowa ba. Ɗakin kamar tanda. Mahaifiyata na zaune a kan gadon an jingina ta da bango, fuska ta kumbura, tana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya. Iya ta durƙusa ta janye itacen da hannunta, ta sheƙa wa garwashin ruwa, Gwaggo na ihu za a kashe mata 'ya. Iya ta ce a nemo maza da ƙyauren ƙofa a ɗauke ta zuwa asibiti. Sannan ta hau gadon ta rungume ta, rabon da ta yi haka tun ranar yaye.

Mahaifiyata ba ta taɓa ce mata Inna ba, Yaya take ce mata. Ta buɗe ido ta ce, "Yaya, ke ce?"

"Ni ce, Saratu. Saratu, ni ce."

Mahaifiyata ta ɗan yi murmushi ta ce, "Ashe kin san sunana."

Kafin a ciro ƙyauren ta cika.

Iya ba ta nemi shawarar kowa ba, ta saɓa ni a baya ta taho da ni Tudun Wada, Rakiya ta shayar da ni tare da ɗanta. Gwaggo ta mutu tana cewa kashe wutar nan ne ya sa sanyi ya shige ta, kuma ba su sake gaisawa ba. Daga lokacin Iya ta daina aike. Gidan da aka yi haihuwa, ko ba a kira ta ba sai ta kutsa ta duba wuta ta ɗanɗana kunu. An zage ta, an kore ta, an ce mata marar kunya, ta ce ta ji ta karɓa. 'Yan matan da take koyarwa kuwa, kafin su taɓa almakashi sai ta ce, "Wadda ta san in 'yarta na mutuwa za ta tsaya a jikin katanga, ta tashi ta tafi gida tun yanzu." Ni ma a tsakar gidan nan na koyi aikin, kuma da na zo haihuwar fari ita ta karɓa.

Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi. Ranar da za ta rasu ina tsakar gida ina dama mata koko, na ji ta kwaɗa kiran nan kamar da. Na ajiye ludayi na shiga na ce, "Na'am, Iya, ga ni." Ta laluba fuskata da hannu, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta sake ni ta juya wajen bango.

Ta ce, "Ba ke ba."