Hunturun da Athol Ya Fita da Wal

A garin Cygnet da ke bakin teku kowa ya san Athol Direen ba ya zama wuri ɗaya. Ko ranar auren 'yarsa, ana tsakiyar addu'a a coci, sai da ya sulale waje ya duba inda iska ta dosa. A gonar tuffa aka haife shi, can kan tudu, ya yi ta tsinkar tuffa har kasuwarta ta mutu aka tumɓuke itatuwan. Daga nan ya koma tuƙin motar katako. Da ƙugunsa ya fara ciwo ya ajiye aiki, sai shi da abokinsa Wal Thorp suka haɗa hannu suka sayi wani tsohon kwale-kwale mai inji, da ɗan ɗaki a gaba inda mutum biyu za su miƙe ƙafa. Wal makanikin tarakta ne, ƙaton mutum mai baki kamar rediyo. Inji da surutu nasa ne, sitiyari na Athol.

Lokacin zafi ba a ganinsu a gari. Matsalar Athol tana farawa ne idan watan Yuni ya kama, wato farkon hunturu a ƙasarsu, iskar kudu mai sanyi ta taso, ƙanƙara ta rufe kawunan duwatsu, mutane suka jawo jiragensu tudu suka lulluɓe da tamfol. Ya shiga kicin, ya fita, ya buɗe firji, ya rufe, ya tsaya a taga yana kaɗa makullai a aljihu.

"Athol, don Allah ka fita min daga nan," matarsa Merle za ta ce. "Kallonka kawai jiri yake sa ni. Je ka wajen 'yan'uwanka maƙaryata."

Maƙaryatan suna taruwa ne ranar Asabar da yamma a wata rumfar kwano a bakin ruwa, inda ake ajiye igiyoyi da gwangwanayen fenti. Bev Clennett, wadda ta gaji jirgin mijinta kuma ta fi shi iya tuƙi, ita ke riƙe da makullin. Ita ke hura murhun ƙarfe ta ɗora butar shayi, mai so ya ɗiga barasa a nasa. Sai a baje labarin tafiye-tafiyen baya: wanda inji ya mutu masa a bakin mashigi, wanda ya kwana uku a wani lungun teku yana jiran iska ta kwanta har burodinsa ya yi funfuna. Athol ba ya ba da labari. Yana daga tsaye, ya ƙara itace a wutar da ba ta nemi itace ba, ya leƙa ƙofa, ya dawo.

Labarin da ake jira kullum na Wal ne, na kifin tuna da shi da Athol suka kama bayan tsibirin Bruny wani hunturu, suka yi ta fama da shi tun hantsi har rana ta karkata. Da suka jawo shi gefen jirgi sai wani ƙaton karen ruwa, dabbar tekun nan mai cin kifi, ya ɓullo ya yi gaba da jikin, ya bar musu kai a ƙugiya.

"Bara dai kifin nan tsawon teburin nan ne," in ji Bev, ranar da matsalar Wal ta fara fitowa fili. "Bana nawa ya kai?"

"Ke dai yi shiru, uwar 'yan sa'ido," Wal ya ce yana ware hannuwa. "Kifi yana girma ko bayan ya mutu, ba ki sani ba? To, ina riƙe da sandar fatsar, hannuna ya sage, na ce da mai tuƙi ya ja baya. Na ce masa..." Sai ya tsaya. Ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya. "Wai wa ke tuƙi ranar?"

Aka fashe da dariya, an ɗauka tsokana ce.

"Ni mana, tsohon banza," Athol ya ce daga bakin ƙofa. "Wa ka taɓa samu da zai jure surutunka?"

Wal ya daɗe yana kallonsa, yana murmushin da ake yi wa baƙo. "Kai ne ashe," ya ce a hankali. Dariyar ta mutu. Bev ta miƙe ta hau wanke kofunan da ba a gama shan abin da ke cikinsu ba.

Da Noeline, matar Wal, ta zo ɗaukarsa, ta ja Athol gefen mota. Ta ce abin ya ɗan jima, ɓoyewa kawai suke yi. Likita ya ce ƙwaƙwalwar ce ke tafiya, kuma ba dawowa za ta yi ba. Shekaranjiya a kan hanyar tsohon garejinsa aka tsince shi da silifa, wai zai je buɗe shago.

"Batun ruwa ya ƙare, Athol. Ka ji ni ko?"

"Na ji."

Ya ji, amma jikinsa bai ji ba. Satin nan duka bai ci abincin kirki ba. Ya kwance famfon jirgi ya sake ɗaurawa, ya goge gilashin da ya riga ya goge. Ya je gidan Wal ya tarar da shi a kujera an rufa masa bargo a gwiwa, talabijin na ta yi shi kaɗai, sai Athol ya kasa ko cire hularsa, ya zagaya falon ya fita.

Rannan aka wayi gari iska ta ɗauke ɗif, irin safiyar hunturun da ruwa ke kwanciya kamar an shimfiɗa kwano, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Athol ya tafi ya ƙwanƙwasa wa Noeline ƙofa.

"Ba nisa, Noeline. Bakin mashigi kawai. Zan sa masa rigar ceto da hannuna, kafin abincin rana mun dawo."

"Na ce maka a'a."

"Dube shi fa. Dube shi yadda yake zaune."

Ta waiwaya ta duba. Sannan ta shiga ta fito da rigar sanyinsa mai kauri da fulas ɗin shayi. "In wani abu ya same shi, kada ka sake tako min gida."

Da farko abin ya yi kyau har Athol ya fara ganin kamar likitan ne bai san aikinsa ba. Wal ya kasa kunne ga injin ya ce ana so a canja mai. Suka kashe inji a kan wani yashi inda kifi mai faffaɗan kai ke kwanciya, suka jefa fatsa. Wal ya ciro ɗaya, ya ciro na biyu, yana ta yi wa Athol tsiya.

"Kai har yanzu ba ka iya ba? Kifin ma ya san hannun direban katako."

"Rufe min baki ka sa wani abincin a ƙugiya."

Suna shan shayi ne fuskar Wal ta canja. Ya ajiye kofi, ya dubi ruwan ta ko'ina. Ya ce yamma ta yi, ga motar wani ya bari a buɗe a gareji, mai ita na jira. Ya miƙe, jirgin ya karkata. Kafin Athol ya zagayo sitiyari, Wal ya ɗora ƙafa ɗaya a kan gefen jirgin kamar mai shirin taka dakali.

Athol ya cafko igiyar rigar ceton ta baya ya fizgo da duk ƙarfinsa. Suka zube tare a kan bokitin kifi. Ƙugun Athol ya ba da wani irin zafi har sai da ya ga duhu. Wal, da ƙarfinsa na makaniki bai tafi ko'ina ba, ya kai masa gwiwar hannu a baki.

"Sake ni! Kai wane ne? Sake ni na ce!"

"Ni ne zan kai ka garejin, maigida," Athol ya ce, jini na zuba a gemunsa. "Zauna, ta nan ya fi kusa. Yanzu za mu isa."

Da hannu ɗaya ya tuƙa har gida, ɗayan yana damƙe da rigar Wal. Ruwan nan da zai iya kashe mutum da sanyi kafin a kawo ɗauki yana kwance lumui a gefensu, bai ko motsa ba. Noeline na tsaye a kan gadar katako inda ake ɗaure jirage. Ta ga leɓen Athol, ta ga wandon mijinta jiƙe da ruwan kifi. Ta kama hannun Wal, shi kuwa yana gaya mata ya kama biyu, wannan bawan Allah ko ɗaya bai samu ba.

Asabar ta gaba Bev ta tambayi Athol me ya sami bakinsa, ya ce ƙofa ce. Aka bar shi a haka. Wani ya ce to shi ya ƙarasa musu labarin tuna, tunda da shi aka yi. Ya gwada, daga tsaye, ya gama shi cikin numfashi kaɗan.

"Kai, ka kashe labarin nan," in ji Bev. "Ko karen ruwan bai yi masa ɓarnar da ka yi ba."

Kafin tuffa ta yi fure, 'yar Wal ta samar masa wuri a gidan kula da tsofaffi a birnin Hobart. Noeline ta ce Athol ya riƙe jirgin duka, ita ba ta son ko ganinsa. Ya riƙe. Yana fita shi kaɗai, amma ba ya daɗewa, sai ya jefa fatsa ya naɗe, ya canja wuri, ya sake canjawa, ya dawo da bokiti wayam. Merle ta fara binsa wani lokaci da saƙarta a jaka, ko da yake ruwa na tayar mata da zuciya.

Ranar Laraba yakan tuƙa mota zuwa Hobart. Ma'aikatan gidan sun daina ba shi kujera. Shi da Wal sukan bi dogon barandar su kai ƙarshe su juyo, su sake komawa, har a kira cin abinci. Wal bai san sunansa ba yanzu, amma da ya hango shi yake miƙewa ya hau neman takalmansa.