Wayar da Guizhi Ta Zare

Kowace safiya, kafin Qiu Deshun ya ɗora tukunyar kunun gero, sai ya fita tsakar gida ya duba motar. Ƙaramar mota ce mai aiki da lantarki, wadda ɗansu ya sayo musu a shekarar da ƙodar matarsa, Luan Guizhi, ta gaza. Deshun ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tarakta yana noma gonakin alkama na ƙauyensu a lardin Shandong, ya saba da injin da ake gane lafiyarsa da kunne. Wannan kuwa ba ta da murya, sai ya leƙa allonta kafin ya san ko ta ƙoshi.

A safiyar nan allon ja ya nuna. Ya bi wayar cajin da ido, daga jikin motar, ta ƙarƙashin taga, har cikin ɗaki. Kanta na yashe a ƙasa kusa da soket.

Bai tambayi kowa ba. Tun aurensu Guizhi ba ta kwanciya sai ta zagaye gidan ta zare kowace waya, domin gobara ta taɓa cinye gidan mahaifinta. Ya roƙe ta ta riƙa barin wannan ɗayar, ta kuma kiyaye, har ciwo ya fara taɓa tunaninta.

Ranar wankin ƙoda ce. Da tsakar rana za a ɗora ta a kan na'ura a asibitin gunduma, kuma wanda ya makara sai ya jira wani zagayen. Tun jiya ƙafafunta suka kumbura. Soket ɗin gida kamar ɗigon famfo yake ba da wuta, yini da kwana yake bukata, sanyi kuma na ƙara masa nawa. Motocin haya ba sa shigowa ƙauyen idan ƙanƙara ta rufe hanya. Tashar caji mai sauri tana can bakin gunduma, inda motar ba za ta kai ba.

"Tsoho, kunun ya nuna?" in ji Guizhi daga kan gado.

"Saura kaɗan. Ƙara kwanciya."

Akwatin caji na bango ɗaya ne a layinsu, mai layin wutarsa daban, wanda ɗan lokaci kaɗan a jikinsa ya fi yini a soket. Yana gidan maƙwabcinsa Mou Changgen. Sun daɗe ba sa magana, tun rigimar indararon Changgen da ke zubo ruwa a katangar Deshun. Ko a bikin sabuwar shekara kowa kawar da kai yake yi.

Deshun ya shiga ɗakin girki. Sannan ya ɗauko tulun jiƙaƙƙiyar tafarnuwa, tunda ba a ƙwanƙwasa ƙofar mutum hannu sake, ya fita.

Changgen ya buɗe, ya dube shi sama da ƙasa. "Ɓatan hanya ka yi, Tsoho Qiu? Gidanka ga shi can."

"Motar ba wuta. Yau ranar asibitinta ce."

"Sai ka zo saye na da tafarnuwa?" Ya dubi tulun. "Yaya Guizhi ce ta jiƙa ta?"

"Ita ce, kafin ta kwanta ciwo."

Changgen ya karɓa da hannu biyu. "To, albarkacinta. Kai da ka rantse ruwana zai rushe maka katanga, ga ta nan tsaye, ta fi ka ƙwari."

"Ta tsage."

"Kai ma ka tsage. Shigo da motar, kana ɓata wa baiwar Allah lokaci."

Da ɗan abin da ya rage a batirin motar ta rarrafa zuwa gidan. Changgen ya jona ta da kansa, ya kawo ruwan zafi a kofi. Suka zauna a benci ɗaya suna kallon allon yana hawa. Da wutar ta isa zuwa da dawowa, Deshun ya je ya naɗe matarsa a bargo, ya goyo ta zuwa mota.

Sun isa ana gab da kiran sunanta. Ya zauna a gefenta yana riƙe da hannun da ba a soka wa allura ba, har na'urar ta gama.

Da suka dawo rana ba ta faɗi ba. Ya kwantar da ita, ya ba ta kunu. Daga nan ya sa kafaɗa ya ture tsohuwar kabad ɗin kayansu, inda wani soket yake ɓoye a bayanta.

"Me kake yi ne, tsoho?"

"Ɓera nake nema."

Ya ja wayar motar ta bi gindin bango, ya jona ta a can, ya mayar da kabad ɗin har ta manne. Ya gwada zura hannu, bai shiga ba.