Malam Kashim da Littafinsa na Uku

Duk wanda ya saba bin hanyar tashar Gaya ya san shagon Malam Kashim, ko da bai taɓa shiga ba. Ɗan ƙaramin shago ne na biro da alli da littattafan rubutu, a kusurwa ga injin fotokofi da ba ya motsi sai an kawo wuta. Kakanninsa fatauci ya kawo su daga Barno suka zauna, har yau abokan wasa kan tsokane shi da Babarbare, ko da yake gaisuwa kaɗai ya iya da Barbarci. Abin da mutane suka manta shi ne, littattafan labarin da ke jere a kantar sama shi ya rubuta su.

Biyun farko sun yi kasuwa daidai gwargwado. A lokacin matan aure kan aiko a karɓa musu haya, littafi ya dawo ya sha hannu, da tabon manja a gefe. Amma wadda yake yi wa rubutun a zuciyarsa matarsa ce, Kellu. Ba ta yi boko ba, don haka in ya gama babi sai ya karanta mata da la'asar tana ɓarar gyaɗa. Ba ta iya yabo ba. Takan ce mace ba ta magana haka, ko ta tambaye shi wa ya ba wannan bawan Allah abinci tun safe da yake ta yawo. Sai ya yi fushi, ya shiga ɗaki ya gyara.

Kellu ta rasu yana tsakiyar na uku, labarin wa da ƙani da suka gaji gona ɗaya mai rijiya a tsakiya. Ya ƙarasa shi babu mai ji, ya sayar da geron da ya noma, ya kai maɗaba'a a Kano. Kafin katan-katan na littafin su iso masu haya sun koma karatu a waya. Ɗansa Anas, da ke aiki a Kaduna, ya buɗe masa shafi a Fesbuk ya sa hoton bangon littafin. Mutane suka yi ta sa albarka, suna cewa a turo musu. Malam Kashim ya shirya ƙaddamarwa a wata firamare, ya ɗauko hayar kujeru, sai ranar ta zo daidai da taron siyasa. 'Yan tsirarun da suka zo suka sha lemo, suka karɓi kwafi kyauta. Ya yi ta jira wani ya tare shi da zancen abin da ke ciki, shiru.

Daga nan ya fara ɗaure katan a bayan babur yana bin kasuwanni, yau Ajingi, gobe Gafasa ko Toranke. Yakan shimfiɗa buhu ya jera littattafan, ya buɗe ɗaya ya yi ta karantawa da ƙarfi. Wasu kan tsaya a zaton wa'azi ne, in suka ji labari ne su yi gaba.

A Toranke wurin zamansa yana kusa da na wani dattijo mai tukar igiyar rama, Maiwada. Makonni ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Ran nan Malam Kashim ya rufe littafi zai tattara kaya, sai tsohon ya yi magana, bai ko ɗago daga tukarsa ba.

"Malam, kullum a nan kake tsayawa, wata kasuwar ka koma farko. Shi ƙanin ya sayar da rabonsa ne ko bai sayar ba?"

Malam Kashim ya miƙa masa kwafi ya ce ya riƙe. Maiwada ya mayar, ya ce shi ajami kaɗai ya sani, kuma idon ma ya yi rauni, in dai da niyya a ci gaba daga inda aka tsaya.

Tun daga ranar kowace kasuwa sai an yi babi guda. Maiwada mutum ne mai gardama. Ya tsani babban wan nan na cikin labari, yakan ajiye igiya ya yi ta yi masa faɗa kamar yana tsaye gabansu. Ciniki bai ƙaru ba, amma ranar kasuwar Toranke Malam Kashim kan fito da gugaggiyar riga, yana tafe a kan babur yana shirya amsar da zai ba tsohon.

Ana gab da ƙarshen labari damina ta sauka, Maiwada ya koma gona. Aka yi girbi bai dawo ba. Malam Kashim ya yi tambaya har ƙofar gidansa, aka ce masa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, 'yarsa Naja'atu ta ɗauke shi zuwa Azare inda take aure. Ya karɓi lambarta.

Da rana tsaka ya turo ƙofar shago, ya karanta abin da ya saura na labarin yana naɗar muryarsa a waya yadda Anas ya koya masa. In ya zo inda ya san tsohon zai katse shi sai ya ɗan dakata, ya ji ba kowa, ya ci gaba. Ya tura wa Naja'atu.

Amsa ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, Naja'atu ce ta fara gaisuwa, ta ce Baba ya sa an yi ta maimaita masa. Sannan aka ji muryar Maiwada, harshe ya yi nauyi, sai an kasa kunne.

"Malam, ka yi wa wan nan sauƙi. Ni ban yarda ba. Amma na gode."

Bayan haka Malam Kashim ya tura gaisuwa ba a buɗe ba, ya kira ya ji waya a kashe. Ya san hanyar gidan a Toranke, amma bai taɓa komawa ya tambaya ba.

Yanzu rabin shagon yana hannun wani mai cajin waya. Sauran katan-katan suna ƙarƙashin kanta, gara ta taɓa na ƙasa. Yana leƙa Toranke jefi-jefi, sai dai wani mai maganin ɓera ya kafa lasifika a gefensa, dole ya daina karatun. Anas yana ta matsa masa ya koma Kaduna ya huta. Yakan ce sai bayan kaka, in kaka ta wuce ya ce sai bayan azumi.

Kwanan baya wata malamar makaranta daga Balan ta shigo yin fotokofi, ta ga littafin, ta saya. Ya raka ta har bakin titi yana so ya ce in ta gama ta dawo ta gaya masa yadda ta gani. Kafin ya haɗa maganar mota ta tsaya, sai kawai ya ce mata ta gaida gida.