Taliyar Rum da Amanar da Na Ci

Edita, ina gaisuwa tare da fatan alheri gare ka da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ina girgiza kai ina mamakin yadda mutum da hankalinsa zai aikata wasu abubuwa. Ban taɓa zaton wata rana ni ma zan shiga layi ba.

Ni malamin gona ne a Zuru, Badakkare kuma Kirista, ɗan tsohon soja. A lokacin da abin ya faru shekaruna sun kusa arba'in, kuma gaskiya ina ji da kaina. Ina da Turanci daidai gwargwado, na iya latsa waya, kuma babu abin da na tsana kamar a tambaye ni abu in ce ban sani ba. A ofishinmu akwai wani dattijo Musulmi, mutumin Wasagu, wanda ya girme ni da fiye da shekara goma. Yaya Malam nake ce masa, shi kuma ƙanena yake kirana. Shi ya koya mini aiki tun ina sabon ɗauka. Babur ɗaya muka yi shekaru muna hawa zuwa Manga da ƙauyukan Sakaba, ruwa ya dake mu tare, rana ta gasa mu tare.

Wata shekara aka zaɓe mu cikin mutum shida da za su tafi Italiya kwas na mako biyu kan adana iri. A cikinmu babu wanda ya taɓa taka ƙasar Turawa, amma tun a filin jirgi na naɗa kaina jagora. Na haddace wasu kalmomi uku ko huɗu na harshensu daga waya, ina ta jefa su ko da dalili ko babu. Iyalan Yaya Malam da suka rako shi tasha a Zuru, ni suka damƙa wa amanarsa. Uwargidansa ta ce in kula mata da shi, musamman wajen abinci, domin mutum ne mai tsantseni. Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta.

Kwas ɗin ya tafi lafiya, amma abinci ya zame mana matsala tun ranar farko. Yaya Malam ba ya taɓa komai sai burodi da shayi da ayaba, sai kuma kilishi da garin rogo da ya ƙunso daga gida. Kafin kwana goma guzurin ya ƙare, idanunsa suka faɗa, wandonsa ya fara zamewa. Da aka gama karatu aka ba mu kwana uku mu huta a birnin Rum mu ga gari kafin mu hau jirgi. A nan ne haƙurina ya fara ƙarewa. Ni burina in zauna a gidan abinci irin wanda ake jera tebura a bakin titi, in ɗanɗani abin da suke ci, in ɗauki hoto in aika gida. Amma duk ƙofar da muka tsaya, sai ya leƙa, ya hango kwalaben giya ko cinyar nama a rataye, ya ja da baya ya ce mu ƙara gaba. Sauran abokan tafiyarmu huɗu suka gaji da mu, suka kama gabansu. Aka bar ni da shi.

Ranar farko tun da safe muka fita. Mun tsaya layi mai tsawo cikin zafin rana don mu shiga wani tsohon fili mai ganuwar dutse, inda aka ce a da can ana haɗa mutane faɗa da zakuna. Mun hau matakala har gwiwoyina suka yi tsami. Daga nan muka ɓata, domin taswirar wayata ta yi ta juya mu a lungu ɗaya, ni kuma na ƙi tambayar kowa don kada girmana ya faɗi. Da ƙyar muka isa wani wurin da ruwa ke ɓuɓɓugowa daga jikin gumaka, mutane cunkus suna jefa sulalla ta bayansu. Ko wurin tsayawa babu, balle na zama. La'asar ta yi ban sa komai a cikina ba. Ƙafata ta yi kanta a cikin sabon takalmin da na saya don kwalliya, yunwa na cina, raina a ɓace. Yaya Malam kuwa sai cewa yake mu yi haƙuri, wataƙila a gaba mu dace da shagon Larabawa. Mun wuce gidajen abinci sun fi goma. A na ƙarshe na ja kujera na zauna, na ce masa ni dai daga nan ba na motsawa.

Ya zauna a ɗarare. Aka kawo takardar abinci, babu kalma ɗaya da na gane. Na hango wani farantin taliya a teburin da ke kusa da mu, an kwaɓa ta da ƙwai da cuku, ga ƴan gutsattsarin soyayyen nama a kai, ƙamshi kamar ya ɗauke ni. Na nuna wa mai kawo abinci da yatsa. Yaya Malam ya riƙe hannuna ya ce in tambaya naman mene ne. Na tambaya da Turanci ko naman shanu ne. Mutumin yana sauri, ga hayaniya, ya faɗi wata kalma da harshensu, ya kaɗa hannu ya wuce. Ban ji abin da ya ce ba. Amma da Yaya Malam ya dube ni yana jiran amsa, sai bakina ya ce naman ɗan maraƙi ne. A raina na ce ai mai yiwuwa hakan ne.

Aka kawo faranti biyu. Ya yi bisimilla ya fara ci, irin cin wanda ya yi mako biyu bai ga abinci mai zafi ba. Ni kuma loma ɗaya na kai baki na gane. Na tashi a gidan da ake kiwon alade, ba yau na fara cin namansa ba, ba kuwa zan kasa gane maiƙonsa ba ko a ƙasar wa aka soya shi. Cokalin ya tsaya mini a hannu. Na ɗaga kai na ga ya riga ya kai loma ta huɗu, har gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, fuskarsa ta saki. Na ce a raina abin da ya shiga ciki ya riga ya shiga, idan na yi magana yanzu zai yi amai a gaban Turawa, ranar ta lalace, kuma zai san ƙarya na yi masa. Sai na sunkuyar da kai na ci gaba da ci. Da ya gama ya ɗauki hoton farantina da ya rage saura, ya sa mini albarka, ya ce yau ne ya san ya zo Turai.

Da abin ya tsaya a nan, da wataƙila na sami bakin kare kaina. Washegari muka je ganin wata babbar majami'a da na daɗe ina mafarkin shiga. Shi ya zauna a inuwa a waje yana jirana fiye da awa biyu, bai ko yi ƙorafi ba. Ni kuwa ina ciki, ga zane-zane har rufi, ga mutane suna ta ɗaga kai, amma ban ga komai ba. Na durƙusa zan yi addu'a, kalma ta ƙi fitowa. Da na fito sai ya ce yunwa yake ji, mu koma wurin jiya. Na ce wurin da nisa. Ya ce zai iya tafiya. Na ce akwai wani mai sayar da kifi a kusa. Ya ce shi dai wanda ya sani ya fi masa wanda bai sani ba, tunda ni na riga na bincika masa. Haushi ya kama ni, haushin kaina da nasa da na garin gaba ɗaya, har na ɗaga masa murya a kan titi na ce shi komai sai ya wahalar da mutum. Sai ya ba ni haƙuri. Dattijo ya ba ni haƙuri, ni da nake cutarsa. Muka koma, ya ci. Rana ta uku ma ko jirana bai yi ba, hoton da ke wayarsa ya nuna wa mai kawo abinci, yana murna ya iya da kansa. Ni na ce cikina ke ciwo, na sha ruwa kawai ina kallonsa.

Da muka dawo Zuru na yi zaton nisa zai binne maganar. Ashe nan ne azabata za ta fara. Duk inda ya zauna sai ya ba da labarin taliyar Rum, ya zaro waya ya nuna hoto. Kuma ba ya rufe labarin sai ya ce ba don ƙanensa ba da yunwa ta kashe shi a ƙasar mutane, wai ni na tsaya na bincika masa halal da haram kamar ɗan uwansa na jini. Uwargidansa ta aiko wa matata da zuma da man shanu na godiya. Duk ranar da ya fara labarin a ofis sai in ƙirƙiri wani aiki in fita. Sau uku ina ɗaura niyyar gaya masa, sau uku ina isa ƙofar gidansa in ɓuge da gaisuwa.

Bayan kamar wata biyar, babbar ƴarsa da ke karatun girke-girke ta zo hutu. Ta so ta faranta wa mahaifinta rai ta dafa masa abin da yake ta yabo, sai ta ɗauki hoton ta bincika a waya. Nan ta ga sunan abincin da irin naman da ake sa masa.

Ranar Litinin ya same ni ina ɗaure buhun iri a bayan babur. Bai ɗaga murya ba. Ya kira ni gefe, ya gaya mini abin da ƴarsa ta gano, sannan ya ce tambaya ɗaya ce ta kawo shi. Ya ce, “Ƙanena, ka sani ko ba ka sani ba?” Ƙofar ƙarya a buɗe take, domin da na ce ni ma ruɗe ni aka yi, zai yarda, har ma na ga alamar abin da yake fatan ji ke nan. Amma na gaji. Na ce masa lokacin da na yi oda ban sani ba, sai dai tun lomar farko na gane.

 Sai ya ce ya riga ya tambayi malamai, sun ce wanda ya ci bisa rashin sani babu laifi a kansa, don haka tsakaninsa da Ubangijinsa babu damuwa. Ya ce farantin farko ma da zai yafe mini a take, domin yunwa da kunya suna sa mutum ya yi abin da bai shirya ba. “Amma na biyu da na uku,” in ji shi, “kana zaune a gabana kana kallon bakina.” Daga haka ya taya ni ɗaure buhun, ya tafi.

Yau shekara uku ke nan. Bai kai ƙarata wurin kowa ba, bai gaya wa ko mutum ɗaya a ofis ba, kuma ya hana iyalinsa ɗaga maganar, domin ya san yadda irin wannan zance ke iya zama wuta a gari irin namu da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya. Muna gaisawa, muna aiki tare, da mahaifina ya rasu yana cikin na farko da suka zo ta'aziyya. Amma ya daina cin duk abin da ya fito daga hannuna. A da, kowace Kirsimeti matata kan kai masa kaji ya yanka da kansa, ta dafa ta aika gidansa. Bara da ta aika yaran da kajin, sai ya yanka ya ce a gaishe ta, amma kada ta wahalar da kanta da aiko da dafaffe. Ko gyaɗa na miƙa masa a gona, sai ya yi godiya ya ce ya ƙoshi. Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe, amma yafiya daban, yarda daban.

Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne ƙanƙantar abin da ya kamata in yi. In ce ban ji abin da mutumin ya faɗa ba. In ce mu nemi dafaffen ƙwai ko kifi. Ko a lomar farko in riƙe hannunsa, mu sha kunyar minti biyar a gaban mutanen da ba za su sake ganinmu ba har abada. Na zaɓi in tsare girmana a idon baƙi, na zubar da shi a idon wanda ya raine ni a aiki.

Don haka ina kira ga duk wanda Allah ya ba damar tafiya da wani, musamman wanda addininku ko al'adarku ba ɗaya ba. Idan ya dogara da idonka da kunnenka, to abin da yake gudu ya zama nauyi a wuyanka, ko da kai a wurinka ba komai ba ne. Kada gajiya ko yunwa ko son a ce ka waye su sa ka amsa abin da ba ka tabbatar ba. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka faɗa tun abincin yana kan tebur. Ni na jira har wani ya faɗa a madadina, ga shi yanzu ina zaune ofis ɗaya da mutumin da ya fi kowa ƙaunata, amma ko ruwa ba ya sha a kofina.