Hannun Mai Ludayi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sule, Allah ya jiƙansa, kuma har yau kwalayen zanensa guda huɗu suna ɗakin ƙasa na gidana a Takoma Park, kusa da birnin Washington, gefen injin wanki. Ni ya bar wa su. Duk ranar da na sauka da kayan wanki sai na kau da kai. A watan jiya 'yarsa Nafisa ta zo mini da maganar da ta tilasta ni buɗe su, shi ya sa bana ba zan tsaya a sadakar waina da addu'a kawai ba. Zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Hausawan da suka jima a yankin Washington sun san Yaya Sule. Aikinsa na cin abinci zanen taswira ne a wani ofishin gwamnati da ke kudu maso yammacin birnin, amma abin da ya fito da shi 'yar takardar barkwanci ce da yake bugawa duk wata, yana rabawa a bakin masallaci bayan Juma'a. A cikin jirgin ƙasa na Metro yake yawancin zanen, takarda a kan cinya. Tauraron takardar Mai Ludayi ne, wani tuzuru siriri mai sayar da abinci a tasha, hula a karkace, baki kamar reza. Na ga likitoci da furofesoshi suna share hawayen dariya ranar da Mai Ludayi ya iso Amurka ya nemi kafa murhu a bakin tashar jirgi.

Abin da masu dariyar ba su sani ba shi ne Mai Ludayi babban yayanmu ne, Audu. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, shi ya riƙe mu da tukunyarsa a wata tashar mota a Kano. Cikin mata masu tuwo yake wuni, da irin muryarsu yake magana, in zai yi zance sai ya karya hannu ya dafe ƙugu. Ɗan daudu ake ce masa, a gabansa da bayan idonsa. Bai taɓa aure ba. Da wannan tukunya Sule ya yi karatun zane, ni kuma na zama ma'aikaciyar jinya.

Lokacin da Sule ya samu aikinsa na farko a wata jaridar mako-mako a Kano, an ce masa ya kawo abin da zai ba mutane dariya. Bai je da nisa ba, ya ɗauko na gida. Ya zana Yaya Audu da ƙugu a karye, hannu a lanƙwashe, direbobi suna masa ihu, ya sa masa suna Mai Ludayi. Ba abinci a zanen, ba tukunya, ba komai sai rangwaɗa. Gari ya ɗauka. Ni ma na yi dariya, wallahi na yi. Mun saki jiki don Yaya Audu ba ya sayen jarida. Kaico! Mu da muka tashi a tasha muka manta inda tsofaffin jaridu ke ƙarewa. Da su yake naɗe wa matafiya waina da soyayyen nama.

Wata ranar Asabar da hantsi muka je wurinsa cin abinci ni da Sule. Ya zuba mana shinkafa, sannan ya zaro shafin jaridar mai zanen nan daga aljihu, ya shimfiɗa shi a kan benci, ya goge shi da tafin hannu.

"Sule, ka iya hannuna," in ji shi. "Amma ba ka zana abin da hannun yake yi ba."

Ya ɗebo tsokar nama biyu ya ƙara wa Sule, ya koma wajen murhu. Sule bai iya cin abincin ba, kuma daga makon nan Mai Ludayi ya ɓace daga jarida.

Kada mai karatu ya ɗauka Sule kaɗai ne mai laifi. Nawa ya fi nasa muni, don shi yarinta ta ja shi, ni kuwa da hankalina na yi. Da bikina ya zo, na roƙi Yaya Audu ya yi girkin, amma ya tsaya can wajen murhu kada dangin miji su gan shi. Ya ce, "To, Binta." Kwana uku yana girki, baƙi suna santi suna tambayar wace ce wannan gwanar, ni ina murmushi. Bai shigo ko hoto ɗaya ba.

Shekara biyu da tafiyar Sule Amurka, Yaya Audu ya rasu. Sule bai samu zuwa ba saboda takardunsa ba su kammala ba. Ni na zauna karɓar gaisuwa, kuma a nan na ga abin da ban taɓa sani ba. Kowa ya san ba a ɗora tukunya a gidan mutuwa, maƙwabta ke kawo abinci. To, mu kwanukan da suka shigo mana sun rasa wurin ajiya. Direbobi, 'yan kamasho, zawarawan unguwanni masu nisa, kowa da labarinsa iri ɗaya: ranar da aka yi masa rashi, kafin kowa ya motsa, Audu ya iso da abinci niƙi-niƙi, kwana uku a jere, bai zauna an gode masa ba. Na faɗa wa Sule a waya.

Bayan wannan ne Mai Ludayi ya dawo, a nan Washington. Bakinsa bai mutu ba, rangwaɗarsa ma tana nan, don Sule ya ce cire ta ƙarya ce. Amma ba za ka ƙara ganin hannunsa a banza ba. Ko yana tuƙa tuwo, ko yana tsoma wa wani matafiyi loma a miya, ko yana ɗauke da kwano zuwa gidan rasuwa yana zagin mai mashin da ya kusa kaɗe shi.

Sai tambaya ta taso, kuma ba ta bar Sule ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Dattawan masallaci suna tare shi: "Malam Sule, ka yi wa mutumin nan aure mana mu huta, yara fa suna karantawa." Abokan aikinsa Turawa, da ya fassara musu, su kuma suna cewa ya fito fili ya faɗa cewa Mai Ludayi mai neman maza ne, a nan ba wanda zai taɓa shi. Waɗannan suna so ya wanke shi, waɗancan suna so ya ɗaga shi kamar tuta, kuma duka ɓangarorin sun ɗauke shi matsoraci. Amsarsa ɗaya ce ga kowa. Sai ya gyara tabarau ya ce, "Ka lura da abin da ya dafa a wannan watan?" Ba kasafai ake samun wanda ya lura ba.

Ni ma na yi tambayar, ba zan ɓoye ba. Yana kwance a asibiti a makonsa na ƙarshe, ina gyara masa matashi, na ce, "Yaya, tsakani da Allah, shi Yaya Audu fa?" Ya dube ni da idon nan nasa na tsokana, duk da ciwo ya cinye shi.

"Binta, shekara ashirin muna cin tuwonsa ba mu taɓa tambayarsa ko ya gaji ba. Yanzu da ba shi da bakin amsawa za mu yi masa wannan?"

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ban san amsar ba a ranar, ban san ta ba yau. Allah ne ya san abin da ke ran bawansa.

Nafisa tana karatu a wata jami'a da ke arewa maso yammacin birnin. Ta samo wani ƙaramin kamfanin buga littattafai da ke son tattara zanen mahaifinta, da sharaɗi guda: a rubuta a bango cewa wannan ne mai neman maza na farko a zanen barkwancin Hausa. Da zuciya ɗaya ta zo. Ta ce akwai masu kama da Mai Ludayi a gida da ake tsangwama, littafin zai sa su ji ba su kaɗai ba ne. Ban raina maganarta ba, na san tsangwamar, da hannuna na yi ta. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Kano, wani ɗan'uwa ya bugo ya ce in ƙona kwalayen kafin a zubar mana da mutunci. Na ce oho, ashe har yanzu muna nan inda Sule ya bar mu. Da yana raye a wannan zamani da ake son a taƙaita kowa a kalma ɗaya don ya shiga fuskar waya, na san zai yi dariya, sannan ya tambaye su abin da aka dafa.

Muka sauka ni da Nafisa muka buɗe kwalayen. A ƙasan na huɗu muka tarar da tsohon shafin jaridar nan, ya yi ja, da tabon mai a gefe. Ashe Sule ya ɗauke shi daga kan bencin ya ƙetaro teku da shi. A ƙarƙashinsa akwai takardu rututu, ba fuska a ko ɗaya, hannaye ne kawai. Hannu yana yanka albasa. Hannu yana wanke rigar makaranta. Hannu yana yi wa ƙaramar yarinya kitso, kitson ya karkace, kuma na gane kan nan, nawa ne. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da Yaya Audu ya rasu.

Na ba Nafisa labarin duka, har da na bikina, ina ta cewa babban yayanmu ban ambaci suna ba. Ita da kullum ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, a ranar nan, da Hausarta mai tuntuɓe, ta ce, "Gwaggo, yaya sunansa?" Shekararta ashirin da uku, ba ta san tana da baffa mai suna Audu ba. Ni da ubanta ba mu taɓa faɗa mata ba.

Na ce a buga littafin, amma ba da wancan layin da suke so a bango ba. A sa sunan Audu a shafin farko, a ce mai abinci ne a tasha, ya riƙe marayu biyu. Kamfanin ya ce in babu layin, ba mai saye, ya janye. Wataƙila aikin Sule na shekaru ya ƙare ke nan a gefen injin wankina, kuma ni ce sanadi. Abin yana cin raina. Amma sau ɗaya muka taɓa naɗe mutumin nan a kalma guda muka miƙa wa jama'a, na kuma ga fuskarsa ranar da ya gani.

Abin da ya rage mini na Sule shi ne wannan taurin kai nasa na ƙin amsawa a madadin wanda ba ya nan. Allah ya gafarta musu su biyun, ya haɗa su a inda ba a tambayar kowa sai aikinsa. Zanen kitson nan na sa an yi masa gilashi, na rataye shi a falo, daidai inda dangin mijina ke zama in sun zo. Ranar Lahadi ƙanwar maigidan ta tsaya a gabansa ta ce, "Wannan hannun wane ne?" Na ce, "Yayana ne, Audu. Shi ya dafa abincin da kuka ci a bikina."